Abin da Ya Kamata a Yi Idan Sabuwar Kwamfuta Tana Mutuwa Tana Tashi da Kanta

Wannan bayani ya shafi ma'aikatan sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da asibitocin karkara masu amfani da sababbin kwamfutocin tebur, musamman waɗanda aka harhaɗa a kasuwa daga sassa daban-daban. Ma'aikaci yana cikin shirya takardun albashi sai allo ya yi baƙi, na'ura ta sake tashi da kanta, aikin da bai adana ba ya salwanta. Da yawa sukan ɗora laifin a kan cutar kwamfuta, su biya kuɗi a goge komai a sake zuba Windows. A ganinmu wannan asara ce, domin a sabuwar na'ura matsalar galibi ba a can take ba.

A fara da wutar lantarki. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma a ƙauyen da ke ƙarshen dogon layi takan sauka ƙasa da haka sosai, kuma ƙaramin janareta yakan yi rauni duk lokacin da firiji ko injin jan ruwa ya tashi. Faɗuwar wuta ta ƙiftawar ido ta isa ta kashe kwamfuta. Saboda haka muna ba da shawarar a ajiye littafi kusa da na'urar, a riƙa rubuta rana da lokacin da ta mutu da aikin da ake yi. Idan ya riƙa dacewa da lokacin sauyawa zuwa janareta, to an gano bakin zaren. A lura cewa sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta ne kawai, ba ta riƙe ta idan an ɗauke. UPS mai batir ce take yin wannan, kuma kada a jona mata firinta mai leza, domin tana jan wuta da yawa.

Idan wutar waje lafiya take, sai a duba akwatin wuta na cikin kwamfutar. Nan ne masu haɗawa suka fi rage kuɗi, tunda mai saye ba ya ganinsa. Akwati mai rauni yakan riƙe na'ura idan tana zaune, ya sake ta da zarar aiki ya yi nauyi. Bayan an zare waya daga bango, a tabbatar babban fulogi mai haƙora 24 da ƙaramin mai 4 ko 8 sun zauna daram a kan babban allo. Shi kansa akwatin kada a kwance shi, domin yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a arewa, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Idan firosesa ta kusanci digiri 100 takan rage gudu, in abin ya wuce ta kashe na'urar don kare kanta. A sabon haɗi, wani lokaci dalilin ɗan ƙarami ne: an manta ba a ɓare ledar da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyayawa ba, ko ba a shafa man da ke tsakaninsa da firosesa ba.

Har ila yau, sandar ram da ba ta shiga raminta sosai ba tana haddasa haka, musamman bayan an ɗauko na'ura a mota ta hanya mai gargada. A cire a mayar har maƙallan su rufe. Idan sanduna biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya, ko a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike.

Windows tana da tsarin sake tashi da kanta idan ta gamu da babban kuskure. Idan aka kashe wannan tsari, saƙon kuskuren zai tsaya a allo a kwafe shi. Lamba 41 da ake gani a Event Viewer kuwa tana nuna cewa na'ura ta mutu ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta faɗin dalili.

Muna jan hankalin jami'an sito da su duba rasit kafin a buɗe kowace kwamfuta. Idan wa'adin garanti bai ƙare ba kuma akwai hatimin mai sayarwa a jiki, kada a ɓalle shi. A mayar masa da ita tare da littafin nan, a kuma kwafe takardun ofis a wani wuri kafin ta fita.