MASU TSARA FILI DA INUWA: ABIN DA KUDANCIN KADUNA KE BUKATA

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri da Makera da tsakar rana, ya san abin da muke nufi in mun ce gari ya rasa inuwa. Asalin abin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa, kowa ya kafa ɗaki inda ya samu. Ko da Bature Max Lock ya fito da tsarin Kaduna na shekara hamsin cikin 1967, gine-gine sun ci gaba da cin fili, har suka gangara bakin kogi. Da ruwa ya yi ambaliya cikin 2003, mutanen Barnawa na cikin waɗanda suka ji a jika.

To, akwai ilmi na musamman don maganin wannan, watau ilmin tsara filaye da lambuna. Jami'ar Harvard ta Amurka ta soma koyar da shi cikin 1900, yanzu kuwa ana ba da digiri na biyu a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ikko. Ɗalibi yakan shiga bayan ya gama digirinsa na farko, galibi na zanen gine-gine. Sa'an nan a koya masa halin ƙasa, da hanyar da ruwan sama ke bi, da itacen da ya dace da kowane wuri, ko maɗaci ne ko darbejiya. Kada a ɗauka aikin mai ban ruwan furanni ne. Shi ne mai cewa nan a yi gini, nan a bar wa ruwa hanyarsa, nan kuma yara su yi wasa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su nuna wa almajiransu masu hannun zane wannan hanya. Akawunan da ke riƙe da takardun filaye kuwa, lalle su nemi shawarar irin waɗannan masana kafin a yanka fuloti a bakin kogi, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace, amin.