Fitilu da allurai na gaban direba: yadda ake gane inda matsala take

Motocin da ke ɗauko tattasai daga gonakin bakin Komadugu zuwa kasuwar Diffa, da waɗanda ke bin hanyar Bosso da Yebi, suna shan rairayi da ƙura da girgiza. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Waɗannan abubuwa suna sassauta wayoyin allon da ke gaban direba, wato inda allurar mai, da allurar zafin inji, da ƙananan fitilu suke. Saboda haka wani lokaci allon yakan yi ƙarya. Aikin direba shi ne ya gane ko inji ne ba shi da lafiya, ko kuwa allon ne.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A murɗa makulli ba tare da an tada inji ba. Ya kamata jar fitilar baƙin mai da ta batir su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Idan ɗaya ba ta kama ba, wataƙila ƙwanta ya ƙone, ko an cire shi. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan sosai, domin akwai masu cire ƙwan don su ɓoye ciwon inji.

Idan allurai duka suka kwanta lokaci ɗaya, da wuya laifin ya zama na inji. A duba fiyus, wato ɗan abin nan da ke ƙonewa domin ya kare wayoyi, a kuma duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, ko ta kwance ko ta yi tsatsa. Fiyus ɗin da ya ƙone, a canza shi da mai lamba ɗaya da shi. Kada a cusa waya a madadinsa, domin haka gobara take tashi. Idan kuwa allura ɗaya ce ta tsaya, a bi wayarta. Allurar mai, alal misali, tana aiki ne da wani abu da ke yawo a kan mai cikin tanki, kuma yakan maƙale.

Akwai alamu biyu da ba a gardama da su. Idan fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, ko allurar zafi ta kai ja, a tsaya nan take a kashe inji, ko da ana zaton allon ne ke ƙarya. Mintoci kaɗan ba baƙin mai sun isa su kashe inji, alhali tsakanin Diffa da Ngigmi wajen kilomita 130 ne, kuma ba ko'ina ake samun makaniki ba. Kada a buɗe murfin ruwa sai inji ya huce. Wani abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, idan allurar zafi ta hau sama sannan ta faɗo farat ɗaya, ba lallai sauƙi ne ya samu ba. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare, har abin awon ba ya taɓa shi.

Fitilar batir kuma tana nuna cewa caji ya tsaya. A duba bel tukuna, domin a tsofaffin motoci da yawa bel ɗin caji shi ne ke juya famfon ruwa. Idan bel yana nan lafiya, mai gyaran wuta ya auna batir: inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin volt 13.5 da 14.5.