Sanyin hunturu ba ya kashe yis, wuta ce ke kashe shi

Da zarar Disamba ta kama, koke iri ɗaya ake ji daga masu waina da masu yogot na gida: kullu ya ƙi tashi, madara ta kwana ba ta kama ba. Daga nan kowa sai ya kawo nasa bayanin, kuma wasu daga cikin shawarwarin su ne ke jawo asarar.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai sanyi yana kashe yis. Ba haka ba ne. Yis halitta ce mai rai, ko a firij mai sanyin digiri 4 yana nan da ransa, aikinsa ne kawai ke ja baya. A Jamus akwai nau'in yis da ake haɗa giyar laga da shi, wanda ke aikinsa a tsakanin digiri 7 da 13 na tsawon makonni. Daren hunturu a Kano yakan sauko kusan digiri 13, a Jos ya fi haka sanyi. Saboda haka kullun da bai tashi da asuba ba jinkiri ya yi, kada a zubar da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce shawarar a jingina robar kullu da murhu, ko a kwaɓa yis da ruwan zafi. Yis ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 25 da 35, idan zafi ya kai 55 zuwa 60 kuwa mutuwa yake yi, kuma ba ya farfaɗowa. A gefen garwashi, ɓangaren da ke kallon wuta yana dahuwa, ɗaya ɓangaren yana shan iska. Tsakar dare wutar ta mutu, komai ya huce. Ɗumi kaɗan da zai tsaya a wuri ɗaya har gari ya waye ya fi zafi mai yawa da ke hawa da sauka. A kwaɓa da ruwa mai ɗumi, a rufe, a naɗe da bargo, a ajiye cikin ɗaki. Kada a ɗora robar kan siminti, domin yana zuƙe ɗumi. A sa katako ko tabarma a ƙasa.

Yogot da kindirmo sun fi waina son ɗumi. Ƙwayoyin da ke daskarar da yogot suna aiki ne tsakanin digiri 40 da 45. A dafa madara, a bari ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jurewa, sannan a zuba irin. Kula ko filas suna riƙe wannan ɗumin na awa 6 zuwa 8, muddin ba a yi ta buɗewa ana leƙawa ba.

Shawarar a ƙara yis a kullun waina kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki: kullu zai tashi da wuri, amma warinsa kan fito a waina.

Sai camfin da ke cewa idan nono bai kama ba, mai haila ce ta taɓa ƙwaryar, ko bakin maƙwabciya ne. Wannan ba shi da tushe, kuma zalunci ne a ɗora wa yarinya laifin abin da iska ta yi. Abin da ya kamata a bincika shi ne irin da aka zuba, ko ya tsufa, da kuma saniyar da aka tatso nonon. Idan an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, ragowar maganin da ke cikin nononta na iya hana shi kamawa, komai bargon da aka lulluɓa. A tambayi mai kawo nonon kafin a saya.