Jijjigar Masu Ciki

'Yar'uwa, in cikinki ya wuce wata biyar, akwai ciwon da ya kamata ki sani, ke da maigidanki. Jijjiga ke nan, wadda wasu ke kira taune-taune. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Hawan jini ne na masu ciki.

Yakan fara a ɓoye. Kina aikinki lafiya lau, jini kuwa yana hawa, ƙoda tana zubar da furotin cikin fitsari. Shi ya sa muke nacewa a kan awo. In awon jininki ya kai 140 bisa 90, sai an sa miki ido. Mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta taɓa yin ciwon, su ya fi kamawa.

Kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar mana da hankali. Amma in fuska da hannuwa sun kumbura, ko kai yana sara ba sauƙi, ko kina gani dishi-dishi, ko ciwo ya tokare ki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ki taho asibiti a ranar. Kada ki jira ranar kasuwa.

Maigida, in jijjigar ta zo a gida, ka kwantar da ita a gefenta na hagu. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, sai ta shaƙe. Hayaƙi ma a bar shi. Na sha karɓar mata da aka yi wa turare dare guda kafin a kawo su. Nemi mota kawai.

Akwai allura mai araha, maganiziyam salfet. Wani bincike na 2002 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Amma ciwon ba ya rabuwa da mace sai ta haihu, don haka likita yakan tayar da naƙuda ko ya yi tiyata ko da kwanaki ba su cika ba. Maigida, kada ka hana.

A Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum, a 1921 aka fara koyar da ungozomomi, asibitin haihuwa kuma a 1957 aka kafa shi. Duk da haka allurar ba ta amfanar macen da aka makara kawo ta. Ku tanadi kuɗin mota tun a wata na bakwai.

Bayan haihuwa ma tana zuwa, musamman cikin kwana biyun farko. Mai jego da ta ce kanta na sara, a dawo da ita.