Keken Lantarki: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Shigowa Da Shi Su Sani

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, har ta haura Naira 1,000 a Abuja cikin watan Oktoba na 2024, hankalin ma'aikata da 'yan kasuwa ya karkata ga hanyoyin sufuri masu sauƙin kuɗi. Ɗaya daga cikinsu shi ne keken lantarki, wato keke mai feda wanda aka haɗa masa ƙaramin inji da batir. Riba ko hasarar wanda ya zuba jari a wannan haja ta dogara ne kacokan a kan ingancin batirin.

Wannan ƙira ta daɗe a duniya. A shekarar 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar ƙafar baya. Sai dai cinikinsa bai kankama ba sai a 1993, sa'ad da kamfanin Yamaha na Japan ya fito da samfurin PAS, wanda injinsa ke taimaka wa mahayi gwargwadon yadda yake taka feda. Daga ƙarshen shekarun 1990 manyan birane da dama na ƙasar Sin suka taƙaita zirga-zirgar babura, jama'a suka koma ga keken lantarki, har adadinsu a ƙasar ya zarce miliyan 300. A Jamus kuwa, a 2023 an sayar da kekunan lantarki kimanin miliyan 2.1, waɗanda a karon farko suka ɗara kekuna na gargajiya yawa.

Kowace kasuwa tana da nata ƙa'idojin. A Tarayyar Turai ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma yakan daina taimakawa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Dokar Amurka ta 2002 ta tsaya a kan wat 750 da gudun kilomita 32 a awa. Ƙasar Sin, inda akasarin kayan da ke shigowa Afirka suke fitowa, ta ƙayyade wat 400 da kilomita 25 a awa. Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya tambayi masana'anta ko wace ƙa'ida aka bi wajen ƙera kayan da za a loda masa, domin ta haka ne zai san ƙarfinsu da nauyinsu.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake sakawa a cibiyar ƙafa, mai araha da sauƙin gyara, wanda ya dace da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Akwai kuma na tsakiya, wanda ke zaune a gindin feda yana jan sarƙa ta hanyar giya, irin wanda kamfanonin Bosch da Shimano da Bafang ke ƙerawa. Wannan ya fi iya hawan tudu da ɗaukar kaya, amma ya fi tsada, kuma yana saurin cinye sarƙa.

Dangane da batir, lissafinsa ba shi da wuya. Akan ninka yawan bolt da yawan amfiya-awa, a sami yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana ɗaukar wat-awa 360, mai bolt 48 da amfiya-awa 14 kuma yana ɗaukar 672. Mahayin da ke taka feda yakan ci wajen wat-awa 10 a kowace kilomita, wanda ya bar wa injin aikin gaba ɗaya kuwa yakan ci kusan ninkin haka. Ke nan ƙaramin batirin zai kai mutum kilomita 35 in ya taimaka da ƙafarsa, ko ƙasa da 20 in bai taimaka ba. Yashi da tudu da nauyin kaya duk suna rage wannan nisa. Bisa farashin Naira 225 kan kowane kilowat-awa da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, cika irin wannan batir bai kai Naira 100 ba.

Babban kashin kuɗi yana zuwa ne ranar sauya batir. Na dalma yana da araha, amma yana da nauyi ƙwarai, kuma yakan gaji bayan caji ɗari uku ko makamancin haka. Na litiyam mai kyau yakan jure caji 500 zuwa 1,000. Wanda ke cika batirinsa kowace ranar aiki zai buƙaci sabo cikin shekara biyu zuwa huɗu, don haka ya kamata ya riƙa ware kuɗinsa tun daga ranar da ya sayi keken. Zafi ma yana rage masa kwana. Masana'antu suna hana yin caji a zafin da ya wuce digiri 45, abin da ya kamata a kiyaye a garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40.

Batir marar inganci yana iya jawo hasarar rai. A shekarar 2023 hukumar kashe gobara ta birnin New York ta ƙidaya gobara 268 da batiran litiyam suka haddasa, inda mutane 18 suka mutu, kuma a wannan shekara birnin ya hana sayar da kekunan da ba su da shaidar gwajin inganci. A watan Fabrairu na 2024 wata gobara da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene a birnin Nanjing na ƙasar Sin ta halaka mutane 15. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne tsofaffin ƙwayoyin batir da aka sake haɗawa, da cajar da ba ta dace da batirin ba, da rashin na'urar da ke yanke wuta idan ya cika.

Ga masu son mayar da tsohon keke na lantarki, ana sayar da kayan haɗin a dunƙule: ƙafa mai inji, da akwatin sarrafa wuta, da batir, da caja. Aiki ne da bakanike zai iya gamawa cikin yini guda, kuma kafa ce ta sana'a ga masu gyaran keke. Sai dai dole jikin keken ya kasance mai ƙwari, a ƙarfafa wurin da ƙafar ke zama da ƙarfen riƙo don kada ƙarfin injin ya buɗa shi, a kuma inganta burki, tun da nauyi da gudu sun ƙaru.

Tafiya mai nisa tana da nata tsari. A Turai masu yawon buɗe ido suna bin hanyar keke ta gefen kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Biyana a Ostiriya, tafiyar fiye da kilomita 300, suna caji a masaukai da dare. Ƙaramar caja mai amfiya 2 takan ɗauki awa biyar zuwa bakwai kafin ta cika batir, saboda haka akan tsara zango bisa inda wuta take, ko a riƙe batir na biyu. Jiragen saman fasinja ba sa karɓar batirin da ya wuce wat-awa 160, kuma a jirgin ruwa ma ana lissafa batiran litiyam cikin kaya masu haɗari.

Saboda haka, kafin mai shigo da kaya ya biya kuɗin kwantena, ya kamata ya nemi takardar gwajin sufuri ta UN 38.3, da sunan kamfanin da ya ƙera ƙwayoyin batirin, da rubutaccen garanti. Haka kuma ya haɗo da batira da caja da akwatunan sarrafa wuta na canji, domin keken da ba a samun kayan gyaransa ba ya daɗewa a kasuwa.