Kiɗan Kyauta a Kafanchan: Wa Ke Biyan Makaɗi?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, musamman ku da kuka fito daga ƙasar Jama'a da Kagoro da Jaba da Zangon Katab, kun san a garuruwanmu ba a saba da yankan tikiti don a ji kiɗa ba. In mutum ya ji tashin ganga ko muryar jita daga wata haraba, bin sautin zai yi ya sami benci ya zauna, ba mai tambayarsa ko sisi a bakin ƙofa. Amma fa makaɗin nan yana cin tuwo, yana sayen tsirkiya, yana kuma biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ashe ke nan akwai mai biya. A da albashin reluwe ne da kuɗin citta suke ɗauke da shi. Yau kuwa, ko kun sani ko ba ku sani ba, babban rabon nauyin ya dawo wuyanku, ku da kuke neman abinci a Kudu.

Jirgi ne ya kawo shi

Kafanchan dai gari ne da hanyar jirgi ta raya. A 1927 ne hanyar da ta taso daga Fatakwal, ta bi ta Inugu da Makurɗi, ta sadu da ta Kaduna, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos saboda kuza. Da garin ya zama mahaɗa sai ma'aikata suka cika shi: direbobin jirgi da masu zuba gawayi da makanikai da akawuna, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da Idoma, ga kuma 'yan ƙasa, watau Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro. A 1933 Sarkin Jama'a ma ya maido da fadarsa cikin garin.

Kowane baƙo ya zo da kiɗansa a kunne. Mutanen Gabas suka zo da garmaho da fayafayan hailaif, Hausawa suka zo da goge da kukuma da kalangu, makarantun mishan suka koya wa yara badujala, mutanen duwatsu kuma suna nan da ƙahonninsu da sarewa da manyan ganguna. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙarshen wata. Ran da aka biya ma'aikatan reluwe, garin kan kwana bai yi barci ba.

Ga yadda tsarin yake, don yaran da aka haifa a Agege ko Sabon Badun su gane. Mai otel ko mai ƙaramin kulob shi ke ba da haraba da benci da fitila, ba ya karɓar kuɗin shiga, domin ribarsa tana cikin abin sha da farfesu da jama'a za su saya. Makaɗi kuma abincinsa yana cikin liƙi da kari: ya ambaci sunanka da na mahaifinka da garinku, ka tashi ka manna masa abin da ya sawwaƙa a goshi. A bakin ƙofa mai tsire da mai ƙosai da mai goro su ma su samu. Wanda ba shi da ko kwabo ya tsaya a gefe ya sha kiɗa daidai da mai kuɗi. Mutum uku ko huɗu masu hali su ke biya wa mutum hamsin.

Kada kowa ya ɗauka wannan tsarin talakawa ne kawai. A birnin Nashbil na Amurka, wanda shi ne cibiyar kiɗan kantiri, akwai titin da ƙananan mashaya suka jeru, makaɗa suna wasa tun rana har tsakar dare, ba kuɗin shiga, sai bokiti da ake zagayawa da shi kowa ya jefa abin da ya ga dama. Bambancinsa da namu kaɗan ne: su a bokiti, mu a goshi.

Me ya haɗa mu da kantiri?

Baƙo kan yi mamaki in ya shiga motar haya daga Kafanchan zuwa Kwoi ko Zonkwa ya ji direba ya sa Don Williams ko Kenny Rogers, fasinjoji kuma suna bi. Abin yana da asali. Turawan mishan na S.I.M. sun zauna a Kwoi tun 1910, daga baya suka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro, suka kuma bar wa majami'u waƙoƙin da aka juya zuwa Hausa, masu tafiya a hankali, masu sauƙin bi. To, da fayafayan Jim Reeves suka iso, mutumin da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1964, sai jama'a suka ji muryar ba baƙuwa ba ce, don shi ma ya yi waƙoƙin addini da yawa. Rediyo da kaset suka ƙarasa aikin.

Dalili na biyu shi ne abin da waƙoƙin ke faɗa. Yawancinsu zancen gona ne da uwa da gidan da aka baro da jirgin da ya ɗauke masoyi da Ubangiji. Wane ɗan ci-rani ne zai ce wannan ba labarinsa ba ne? Na uku kuwa sauƙi ne: yaron da ya iya kamun tsirkiya iri uku a jita ya isa ya raka waƙoƙi masu yawa, ba ya bukatar wutar lantarki ko tarin mutane. Shi ya sa kiɗan ya dace da ƙaramin wuri.

Kiɗan sol na baƙaƙen Amurka shi kuma ta hannun 'yan makaranta ya shigo, ya ƙara ƙarfi bayan James Brown ya zo Nijeriya a 1970. Ba a daɗe ba 'yan Arewa suka dafa nasu. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo da ya yi karatu a Zariya, ya gauraya kantiri da sol da salon gida, kuma shi ya yi waƙar wasan talabijin ɗin nan na manoma mai suna Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980 aka kuma ɗauka a wajajen Jos. Marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya riƙe Kulob ɗin Costain a Kaduna da waƙoƙinsa na Hausa irin su Ikon Allah. Panam Percy Paul ya ɗauki jita da salon kantiri ya kai su cikin waƙar bishara daga Jos. Samarin Kafanchan, da yake garinsu yana tsakanin Kaduna da Jos, daga ɓangarorin biyu suka kwasa.

A gefen gargajiya kuma, marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya isa ya tsayar da taro, in dai yana da abin faɗa game da karen mota da lebura da zaman aure. Kada kuma a manta da mata. Ƙungiyoyin zumunta mata na majami'u, da tulunsu da caki, suna shirya sababbin waƙoƙi da Hausa da harsunan gida, su rera a coci da wajen biki da gidan makoki. Matan Hausawa su ma suna da kiɗan ƙwarya na amada, irin wanda marigayiya Barmani Coge ta yi suna da shi. Duk wannan ba tikiti.

Abin da ya rage masa ƙarfi

Na farko, reluwe ta mutu a tsaye. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 jiragen suka yi ta raguwa, aka rage ma'aikata, 'yan fansho suka shiga jiran haƙƙinsu. Da albashin ƙarshen wata ya tafi, masu liƙi suka tafi tare da shi.

Na biyu ya fi ciwo. Tashin hankalin 1966 ya kori mutanen Gabas da yawa daga garin. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Aka sake yi a Zangon Katab a 1992, aka yi a Kafanchan a 1999, sannan aka yi na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011. Kowane ɗaya ya zo da asarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare, ya zo da dokar hana fita, ya kuma bar mutane suna komawa unguwannin da 'yan addininsu suka fi yawa. Kiɗan dare kuwa ba ya rayuwa inda mutum ke tsoron tsallaka titi bayan magariba. Hare-haren da ƙauyuka suka sha a shekarun baya sun ƙara sa mutane shiga gida da wuri.

Na uku, aljihun manomi ya yi rauni. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ta ruɓar da amfanin gona mai yawa. Wanda bai mai da kuɗin irinsa ba, ina zai ga na yi wa makaɗi kari?

Na huɗu kuwa laifin bai wuce mu ba. In ɗanmu ya dawo daga Ikko zai yi aure, sai ya ɗauko yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika, wanda ake kira dije, ya yi ta sa waƙoƙin da aka riga aka ji a Oshodi. Ya fi araha, gaskiya ne. Amma araha ba ta ado, kuma mai goge da mai jita da masu ƙaho suna zaune a gida ba wanda ya neme su. 'Ya'yansu suna gani, suna kuma yanke shawarar cewa acaɓa ya fi.

Babban biki bai wadatar ba

Wani zai ce ai ga bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, wanda ya bunƙasa a zamanin marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, da ya yi fiye da shekara 60 a kan gado kafin rasuwarsa a 2008. Ga Tuk-Ham na mutanen Ham a Kwoi wajen lokacin Ista. Ga kuma bikin al'adun Kudancin Kaduna da aka fara a filin wasa na Kafanchan a watan Disamba na 2023. Duka abin alfahari ne, jama'a kuma suna zuwa daga nesa su sha kallo.

Sai dai babban biki sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma wurin nuna gwaninta ne, ba wurin koyo ba. Mai busa ƙahon da kuke tafa wa a Kagoro ba ranar ya fara ba. Ya fara ne a ƙofar gida da dandali da wajen ƙananan bukukuwa, inda in ya yi kuskure dattijo zai gyara masa, jama'a su yi dariya a wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasar nan ba ta rasa masu basira ba: Audu Maikori, wanda ya kafa kamfanin waƙa na Chocolate City da ya fito da su M.I da Ice Prince, ɗan Kwoi ne. In ƙananan wurare suka rufe, masu basirar za su ci gaba da tafiya Abuja da Ikko tun ba su nuna ba, gida kuma ya zama sai kaset.

Akwai kuma abin da ya fi kiɗan kansa. Bencin nan na haraba yana cikin 'yan wuraren da Bahaushe da Bajju da Ibo da Bafillace kan zauna kafaɗa da kafaɗa ba don ciniki ko shari'a ba. Wanda kuka yi dariya tare da shi daren Asabar, da wuya ka yarda da duk abin da aka faɗa maka a kansa ran Litinin.

Abin da ke hannunku

Kusan kowane gari namu yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a Kudu, ana taro wata-wata, ana tara kuɗi don rijiya ko ajin makaranta ko kai gawa gida. Ba za a rasa ɗan abin da za a ware wa makaɗa ba. In za ku zo hutun Kirsimeti ko na Salla, ku nemi masu kiɗan hannu na garinku, ku yi ciniki da su tun kafin ranar, ku biya su ladansu a hannu, liƙi ya zama ƙari. Ku sa wasan da la'asar, a tashi kafin duhu ya yi, don mata da tsofaffi su samu zuwa, ku kuma sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Ku gayyaci maƙwabta na ɗaya unguwar, a ajiye abin sha da kowa zai iya sha. Ku bar wa yara masu koyo rabin sa'a kafin manya su hau.

Wanda Allah ya hore wa, tsirkiyar jita da fatar ganga da ƙaramar lasifika mai batir suna nan a kasuwar Alaba. Wanda ke da waya mai kyau ya nemi izinin tsofaffin makaɗa ya ɗauki waƙoƙinsu, ya bar wa iyalinsu kofi, domin da yawa cikinsu ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba.

Ƙofa dai a bar ta a buɗe kamar yadda muka gada, kada a sa tikiti. Masu hali su biya wa marasa hali, kamar yadda ma'aikatan reluwe suka biya wa iyayenmu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kawo ku gida lafiya, amin.