Aya-Aya: Ciyawar Da Ta Gagari Fartanya

A wannan fitowa, ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta leƙa bayan gida, inda iyayenmu ke shuka alayyafo, kuɓewa, yakuwa da tattasai. Daga Kwarbai zuwa Ƙofar Gayan, da wuya ka sami mai lambu da bai san aya-aya ba. Ka nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake tsirowa.

Yadda za mu gane ta

Aya-aya 'yar uwar aya ce da muke ci, sai dai 'ya'yanta baƙaƙe ne, masu tauri da ɗaci. Ganyenta siriri ne mai sheƙi. Idan ka murza karanta tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, saɓanin sauran ciyayi irin su kiri-kiri. Masana kimiyya na kiranta Cyperus rotundus. A wani littafi da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1977, ita aka sa a sahun farko cikin ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya, domin ta addabi ƙasashe sama da 90.

Me ya sa ba ta mutuwa?

Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa. Tana yin 'ya'ya a jere kamar carbi, siririyar saiwa ta haɗa su. Akasari ɗaya ke tsirowa, sauran suna barci. Idan fartanya ta tsinka wannan saiwa, sai masu barcin su farka, kowane ya fito da nasa ganye. Wato mai sare ganye kawai ya kashe maciji bai sare kansa ba. A haka take shanye ruwa da takin da aka zuba domin kayan miya, kuɓewa ta tsumbure, uwar gida ta koma sayen abin da ya kamata ta tsinka a gidanta.

Matakan yaƙi da ita

Na ɗaya, mu yi amfani da zafin bazara. A watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, a haƙe wurin da diga kamar zurfin taƙi guda, domin yawancin 'ya'yan a nan suke. A tsince su, a shanya a rana su bushe ƙarau, sannan a ƙone. Sauran ƙasar a riƙa juya ta duk mako, rana ta kashe waɗanda suka ɓuya.

Na biyu, da damina a riƙa tuge ta duk bayan mako biyu, tun ba ta kai ganye biyar ba. Duk tsirowar da ta yi tana cin abincin da ta tara ne, idan aka hana ta tara wani sai ta ƙare.

Na uku, a hana ta rana, domin ba ta jure inuwa. Dankali, wake mai yaɗo da kabewa suna lulluɓe ƙasa su danne ta. Ana kuma shimfiɗa kwali a bi shi da busasshiyar ciyawa mai kauri. Leda mara kauri kuwa huda ta take yi.

Na huɗu, a lura da abin da ake shigowa da shi. Ƙasar fadama da takin bola sukan zo da 'ya'yanta, don haka a tankaɗe su kafin a zuba.

Maganin feshi

Maganin da ke ƙona ganye kawai ba ya kai wa ga 'ya'yan. Mai bin jiki ya sauka ƙasa, irin su gilaifoset, yana kashe kayan miya ma idan ya taɓa su. Ga rijiya, ga kaji, ga ƙananan yara a tsakar gida, saboda haka wannan aikin manya ne, bayan shawarar malamin gona. Mu Zazzagawa mun yi dace, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru kusa da mu.

Kada a sa ran gamawa da aya-aya a damina ɗaya, takan ɗauki biyu ko uku. Muna kira ga kowane ɗalibi ya auna taku biyu a lambun gidansu ya gwada waɗannan matakai, ya kawo mana sakamako a ƙarshen zango, mu liƙa shi a wannan allo.